A bar yaranmu su karanta bukukuwan duniya a ajin Turanci

Ranar Lahadin da ta wuce na leƙa gidan yayana bayan sallar isha'i, na tarar da shi tsaye a tsakar gida da wata takarda a hannu, ransa a ɓace. 'Yarsa da ke aji biyu na babbar sakandare tana zaune a kan tabarma, ta sunkuyar da kai.

Ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo mini takardar. "Kai da ka taɓa koyarwa, duba mini nan. Wai wannan ne darasin Turanci. Kuɗin makaranta nake biya don a koya mata bikin Indiyawa da bikin matattu?"

Na karɓa na duba. Gajerun bayanai ne guda huɗu cikin Turanci mai sauƙi: Diwali na Indiya, sabuwar shekarar Sinawa, Ranar Matattu ta Meziko, sai bikin jifa da tumatir na Sifaniya. A ƙasa malamin ya ce kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya, ya kwatanta shi da wani biki na garinsu.

Yaya ya ce gari na wayewa zai je wurin shugaban makarantar.

Ni kuwa abin da ya sosa mini rai daban ne. Na ce wa yarinyar ta nuna mini abin da ta rubuta. Ta zaɓi sabuwar shekarar Sinawa da hawan sallar Kano, amma duk abin da ke shafin daga waya ta kwafo shi, har da wata jimla mai cewa baƙi daga ƙasashen waje na zuwa kallon dawakai masu ado. Yarinyar da aka haifa a cikin birni, wadda tun ba ta iya tafiya ba ubanta ke ɗora ta a wuya a Ƙofar Kudu, ita ce ke ba da labarin hawan Daushe da bakin ɗan yawon buɗe ido.

Bari in faɗi inda na tsaya tun da wuri. Malamin nan ya yi daidai, kuma da ma duk malaman Turanci na sakandare za su yi koyi da shi. Bukukuwan al'ummomi na daga cikin abubuwan da suka fi saurin buɗe bakin yaro a sabon harshe. Laifin da na gani a daren nan na kwafe ne, kuma wannan laifin namu ne gaba ɗaya.

"Ai kafirci ake koya musu"

Wannan ita ce damuwar Yaya ta gaskiya, kuma ba zan raina ta ba. Uba ne mai tsoron Allah da ke tsoron kada a ɓata masa tarbiyyar 'ya. Yana da hujja kuma: Manzon Allah (SAW) da ya iso Madina ya tarar mutanen garin suna da ranaku biyu na wasanni, sai ya ce Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su alheri, wato idin ƙaramar sallah da na layya. Babu Musulmin da ke jayayya da wannan.

Amma hadisin yana magana ne a kan yin bikin. Takardar da ke hannuna ba ta ce yarinya ta kunna fitila ga wani abin bauta ba. Cewa ta yi ga abin da mutanen wata ƙasa ke yi, ga dalilinsu, ga lokacin da suke yinsa. Likita na karanta ciwon da ba ya fatan ya kama shi, alƙali na karanta al'adar mutanen da ba nasa ba don ya iya yi musu shari'a.

Malamanmu na farko ma ba su ji wannan tsoron ba. Al-Biruni, wanda aka haifa a shekarar 973 a yankin Khwarizm na tsakiyar Asiya, ya koyi Sanskrit, tsohon harshen Indiya, ya zauna da malaman Hindu, kuma wajen shekarar 1030 ya rubuta littafi guda a kan Indiya. A ciki akwai babi a kan bukukuwansu, har da Diwalin nan da ya tayar wa Yaya hankali. Ya bayyana yadda suke wanka, su sa tufafin ado, su yi wa juna kyautar ganyen taunawa, su kunna fitilu birjik da dare. Shekara kusan dubu ke nan, kuma babu wanda ya ce ya fita daga Musulunci. Ibn Battuta da ya je Mali a 1352 ya rubuta yadda ake bikin sallah a fadar Mansa Sulaiman, har da mawaƙan da ke sa rigunan gashin tsuntsu. Yanzu masu tarihi da irin wannan rubutun suke sanin yadda kakannin yankinmu suka rayu.

Na kuma tuna wa Yaya wani abu da bai so ji ba. Shi ne fa a ƙuruciyarmu yake satar jiki ya tafi silima kallon finafinan Indiya. Ya ga Holi, bikin watsa wa juna garin launi, ya fi a ƙirga. Bai taɓa sanin sunansa ba, bai san a watan Maris ake yinsa don murnar wucewar sanyi ba, amma ya gani, ya yi tafi. Yau kuma wayar da ke hannun 'yarsa na nuna mata abin da ya fi haka, ba malami, ba mai bayani. Tsakanin yaron da ya ga abu a bidiyo cikin ɗaki shi kaɗai da wanda ya karanta shi a aji gaban malamin da zai amsa tambayarsa, wanne ya fi zama cikin hatsari?

Akwai dai inda nake tare da Yaya ɗari bisa ɗari. Wasu makarantun kuɗi sun ɗauko ɗabi'ar sa yara su yi shigar dodanni a ƙarshen Oktoba wai ana Halloween, a sa iyaye sayen kaya, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Wannan kwaikwayo ne tsagwaronsa, kuma ko kalma ɗaya ta Turanci yaro ba ya ƙaruwa da ita. Da abin da ke takardar ke nan, da ni zan raka shi ofishin shugaban makarantar.

Me ya sa sai biki?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san babbar matsalar darasin Turanci a wurinmu ita ce shiru. Ka yi tambaya, kai tamanin su sunkuya. Wani lokaci rashin kalmomi ne, amma sau da yawa yaron ba shi da abin cewa ne. Ka ba shi labarin wani yaro a tashar jirgin ƙasa ta Landan cikin dusar ƙanƙara, ka ce ya faɗi ra'ayinsa. Wane ra'ayi?

Biki kuwa kowa na da nasa. Yaron da bai taɓa wuce Wudil ba ya san ɗinkin sallah, ya san rigimar tela, ya san yawon sallah da kuɗin da ake ƙirgawa da daddare. Da zarar ya karanta cewa a ƙasar Sin ana share gida tas kafin sabuwar shekara, a sa sababbin kaya, manya su ba yara kuɗi a cikin jar ambulan, sai ka ga ya ɗago kai. Ai goron sallah ke nan! Ka ƙara masa da cewa ranar tana faɗowa ne tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu saboda da wata suke lissafinta, ana shagali kwana goma sha biyar har zuwa daren fitilu, kuma ma'aikata na barin manyan birane su koma garuruwansu har tikitin jirgin ƙasa ya yi wuya. Nan take zai ba ka labarin tashar mota ana jibi sallah, da yadda kuɗin mota ke ninkawa.

To a nan harshe ke shiga. Yana son ya faɗi abin da ya faru bara, dole ya nemi siffar aikatau ta abin da ya wuce. Yana son ya jera abin da ake yi daga safe zuwa dare, dole ya koyi kalmomin da ke haɗa jimla da jimla. Yana son ya ce namu ya fi nasu hayaniya amma nasu ya fi daɗewa, dole ya koyi yadda ake kwatance. Nahawun da aka yi zango guda ana rubuta masa a allo yana hamma, ga shi yanzu yana neman sa da kansa, don yana da maganar da ke cin sa.

Sunayen abinci, launuka, tufafi, dangantaka, yanayin shekara, kiɗa, duk a cikin biki ɗaya suke. Ka ɗauki Nowruz na Iran da Afganistan da ƙasashen tsakiyar Asiya, wanda ake yi a 20 ko 21 ga Maris, ranar da dare da rana ke daidaita. Iraniyawa na shirya tebur da abubuwa bakwai da sunansu ya fara da harafin sinun. Yaron da ya yi makarantar allo ya san sinun, kuma zai yi mamakin jin cewa mafi yawan masu wannan bikin Musulmi ne, al'ada ce da suka gada tun kafin Musulunci ya je musu. Ko ka ɗauki Songkran na Tailan, 13 zuwa 15 ga Afrilu, lokacin da zafi ya kai zafi, inda ake watsa wa juna ruwa a titi, matasa kuma su zuba wa dattawa ruwa a hannu don neman albarka. Ka karanta wa yaran Sakkwato wannan a tsakiyar bazara ka ga ko za su yi shiru.

Bukukuwan kaka ma haka. Amurkawa na da ranar godiya a Alhamis ta huɗu ta Nuwamba, su gasa talo-talo, dangi su taru. 'Yan ƙabilar Ga na Akara suna da Homowo, wanda ma'anarsa yi wa yunwa ature. Ibo na da bikin sabuwar doya. Mu muna da kalankuwa, da damben kaka da kokawa bayan an kai amfanin gona gida. Ɗalibi zai iya cika shafi biyu a kan tambaya ɗaya tak: me ya sa mutane a ko'ina suke biki idan rumbu ya cika?

Masu cewa jarrabawa ce a gabanmu, su duba yadda ake ba da maki. A WAEC ana son rubutun da bai gaza kalma 450 ba, maki hamsin ne, kuma ashirin daga ciki na iya sarrafa harshe ne, goma na abin da aka faɗa, goma na tsari, goma na ƙa'idar rubutu. Yaron da ya saba bayyana abin da ya gani da idonsa ya riga ya kama hanya. Wanda ya haddace rubutun wani kuwa, ana sauya tambayar kaɗan sai ya tsaya cak.

"To a fara da namu mana"

Wani abokina malami ya ce da ni me ya kai mu Meziko alhali yaranmu ba su san Argungu ba. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya. Ka tambayi ɗan sakandare a Kano yaushe aka fara bikin kamun kifi a matsayin da aka san shi yanzu, da wuya ya ce maka 1934, lokacin da Sarkin Musulmi ya ziyarci Argungu aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. Bai san kogin Matan Fada ba, bai san homa da gora ba, bai san hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016 ba. Balle a je ga taron makiyaya na Ingal a Nijar, ko Bianu na Agadas, ko sallar Gani ta Daura.

Sai dai na gwada abin da abokin nawa ke faɗa lokacin da nake koyarwa. Ka ce wa yaro ya rubuta yadda ake sallah a garinsu, layi biyar zai kawo maka: mun je idi, mun ci abinci, mun ziyarci 'yan uwa, mun ji daɗi. A ganinsa babu abin faɗa, kowa ya sani. Abin da ka tashi a cikinsa ba ka ganinsa.

Amma ka fara karanta masa yadda mutanen Meziko ke zuwa maƙabarta a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, su share kabarin iyayensu, su jera furanni masu ruwan ɗorawa, su ajiye hoton mamaci da abincin da yake so. Zai ce subhanallahi, mu ba ma haka. Sai ka ce to ku yaya kuke yi? Nan zai fara tunani: zaman makoki, sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, gumba, da yadda wasu malamai ke cewa ba a yi, da ziyarar maƙabarta don yin addu'a. Na baƙon ne ya sa ya ga nasa. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma yaron da ba shi da kuɗin mota, wannan takardar ce tafiyarsa.

Wani abin dariya ma, kalmar da 'yar Yaya ta kwafo a matsayin sunan hawan sallah da Turanci, wato durbar, asalinta Farisanci ce. Ta Indiya ta biyo, inda Turawan Ingila suka yi manyan tarukan sarakuna a Delhi a 1877 da 1903 da 1911, sannan suka taho mana da sunan suka liƙa wa abin da suka tarar muna yi. Ashe ko namu ma ba ya bayyanuwa da Turanci sai an ratsa ta Indiya. Kuma bukukuwa biyun da ta zaɓa, na Sinawa da na Kano, a zama ɗaya UNESCO ta amince da su, a Disambar 2024. Ita ba ta sani ba, ubanta ma bai sani ba.

Inda nake da ƙorafi

Ba duk abin da ke cikin irin waɗannan darussan nake yabawa ba. Yawancinsu baƙin abu suke nema, abin da zai sa a ce kai! Sakin layi ɗaya ga kowace ƙasa, kamar ana zaga gidan namun daji. Sai yaro ya tashi da tunanin mutanen Sifaniya ba su da aiki sai jifan juna da tumatir, alhali gari ɗaya ne ƙarami, Buñol, rana ɗaya a shekara, Larabar ƙarshe ta Agusta, kuma awa ɗaya ake yi a tashi. Haka mu ma ake yi mana: doki, rawani, kakaki, shi ke nan an gama da Bahaushe.

Gara a ɗauki biki uku a zango a tona su sosai, da a jera ashirin a haddace sunayensu.

Tumatirin ma da Yaya ya kira almubazzaranci, ni da shi zan buɗe muhawara a aji. Sama da tan ɗari ake zubarwa a wannan awa ɗayar. Rabin aji su ce ɓarna ce, rabi su kare mutanen garin, su kawo batun baƙin da ke sayen tikiti da kuɗin da garin ke samu. Sai wani ɗan Kura ko Kadawa ya miƙe ya ce a garinsu ma idan tumatir ya yi yawa a kasuwa a bakin titi ake zubar da shi, ba wanda ya ji daɗi, ba wanda ya sayi tikiti. Ranar ba za ka iya rufe musu baki ba, kuma da Turanci za a yi ta duka, ko da gurguwa ce.

"Aji cike, ba wuta, ba littafi"

Gaskiya ne, kuma wannan darasin bai buƙatar ko ɗaya. Takarda ɗaya da malami zai karanta da ƙarfi ta isa. A aji da yawa na garuruwanmu akwai ɗan Yarbawa da ya san Osun Osogbo ko Eyo, akwai ɗan Ibo, akwai Bafulatanin da ya ga sharo da idonsa, akwai Kiristan da zai faɗi yadda ake Kirsimeti a ƙauyensu. Su tashi su faɗa, sauran su yi tambaya.

Maganin kwafe kuma sananne ne: a yi rubutun a cikin aji, waya na gida. Aikin gida ya zama tambayar kaka ko kakanni yadda ake tashe ko cika-ciki a zamaninsu. Wannan babu shi a intanet, kuma tsofaffin da suka sani suna ta tafiya. Hawan ma da muke ganin ba zai taɓa tsayawa ba, an sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan, da farko saboda korona, daga baya saboda rikicin sarauta. Akwai yaran da suka shiga sakandare ba su taɓa ganin jafi ba.

A daren dai na sa yarinyar ta yage shafin, na ce ta rufe wayar ta faɗa mini da baki abin da ta tuna. Ta fara da in'ina, rabi Hausa rabi Turanci. Ta ce washegarin sallah sarki na zuwa gidan gwamnati.

Yaya da ke gefe yana ta cika yana batsewa ya ce, "Ke, wa ya faɗa miki? Washegari Daushe ne, Babban Ɗaki ake zuwa gaida mahaifiyar sarki. Nasarawa sai rana ta uku."

Ya jawo kujera ya zauna. Ya shiga jero mata su: 'yan bindiga, dogarai, zagage, 'yan sulke, 'yan lifidi, da inda kowane hakimi ke tsayawa da jama'arsa. Tana rubutawa, tana tsayawa, tana gogewa.

Can ta ɗago ta ce, "Baffa, yaya ake cewa lifidi da Turanci?"

Na ce ta bar shi lifidi, ta yi wa mai karatu bayanin mene ne. Ta juya wurin ubanta. Ya ce riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga, a sa wa doki da mahayinsa don kada kibiya ta ratsa. Sai da ta yi jimla uku kafin ta samu wadda ta zauna.

Da zan tafi wajen ƙarfe goma ya rako ni ƙofar gida. Ya ce shi dai har yanzu bikin matattun nan bai kwanta masa ba, kuma zai je makarantar, amma sai ranar Laraba, bayan an dawo mata da makinta.